Abin da na baro a Delhi

Wata uku ke nan da dawowata, amma har yau ba na shiga shagon kitson Hajiya Fati a unguwarmu ta Highbridge, nan New York, in zauna lafiya. Da na ajiye jaka sai wata ta ɗago kai daga ƙarƙashin hannun mai kitso ta ce, "Rakiya, Indiya fa? Da gaske suna rawa a titi?" Wata kuma tabon aikin take so ta gani. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kuma na lura kowacce in ta fita sai ta ƙara masa gishiri, har ya dawo kunnena wai a cikin jirgi aka yanka ni. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata.

Sai na fara da kaina, don in ba haka ba sauran ba zai shiga ba. A Kano aka haife ni, ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Ina shekara uku Goggo, yayar babanmu, wadda ke aure a Kumasi kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta ɗauke ni riƙo. Can na girma. Ranar da aka sa ni makaranta, mijinta Alhaji Salisu ne ya kai ni, malami ya tambayi sunan uba, ya ba da nasa, ba wanda ya ga wani abu a ciki. Haka na zama Rakiya Salisu, mai fasfon Gana, har na zo New York ina aikin kula da tsofaffi. Ƙanena Nura kuwa, da aka haifa bayan tafiyata, Nura Garba ne, mai fasfon Najeriya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ba wata takarda a duniya da ta san da haka.

Ƙodar Nura ce ta lalace. Ya yi shekara ana yi masa wankin ƙoda, likitoci suka ce sai dashi, aka yi shawarar Indiya kamar yadda mutane da yawa ke yi. Na yi gwaji a nan, jininmu ya zo ɗaya. Ban yi wani dogon tunani ba. Hajiya Fati ce ta yi mini tunanin, da Hausarta ta Maraɗi mai gauraye da Faransanci.

"Ke Rakiya, vraiment? Mi kike nuhi, ki kai musu cikinki su buɗe? An ce hwa ana bugun baƙaƙe can."

Na ce mata Nura ɗa uku gare shi, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Sai ta ce to in zauna ta yi mini lalle, ba za a kai ni gaban likitocin Indiya da hannu fari fat ba.

Tsohuwar da nake kula da ita a Parkchester 'yar Indiya ce, Mama Kamla. Shekara huɗu kullum ina sauka daga jirgin ƙasa mai lamba shida in hau bene in yi mata wanka, in dafa mata shayi da citta. Ɗanta ne ya cike mini takardun biza a kwamfuta, yana yi yana mini lacca. Wai ƙasarsu yanzu zawarcin Afirka take yi, bara shugabanninmu duk sun hallara a Delhi, mu ne 'yan gaban goshi. Wai har ministarsu ta harkokin waje da kanta take amsa saƙon marasa lafiya ta waya. Na ce Allah ya sa. A ofishin biza a Manhattan sau biyu aka mayar da ni saboda hoto, na farko mayafina ya yi wa goshi inuwa, na biyu na yi murmushi. Amma gaskiyar ɗan Mama Kamla, da suka ga wasiƙar asibiti ba a ja ni ba. Ranar sallama tsohuwar ta zaro wata ambulan daga ƙarƙashin katifa, kuɗin ƙasarsu ne manya-manya da ta ajiye tun zuwanta na ƙarshe. Ta danƙa mini, ta dafa kaina da hannu biyu tana wata addu'a da ban san kanta ba. Na ce amin.

Washegarin zaɓen shugaban Amurka na tashi. Alhaji Isufu, ɗan unguwarmu a Kumasi mai tasi, shi ya kai ni filin jirgin JFK. Tun daga gangaren Highbridge rediyo yake ji yana buga sitiyari, har ya wuce hanyar da za mu juya.

"Ei, Hajiya, green card ɗinki fa, ki riƙe shi kamar ranki. Kar ki dawo ki tarar an canja law."

Duk yankinmu na Bronx ranar maganar ke nan, don wanda ya ci zaɓen ya sha alwashin takura wa baƙi. Ba wanda ya ji cewa a Indiya ma an yi wata sanarwa da ta fi shafata.

Jirgi bai ba ni wahala ba, sai yunwa. Ashe ɗan Mama Kamla da ya saya mini tikiti ya zaɓa mini abincin marasa cin nama irin nasu, ina kallo ana miƙa wa maƙwabcina kaza ni ana ba ni wake da ganye. Muka yada zango a wani garin Larabawa, muka sauka Delhi da hantsi. A nan lallen Hajiya Fati ya nuna halinsa. Jami'in shige da fice ya ce in ɗora yatsu a kan wata na'ura, na ɗora, ta ƙi. Ya goge gilashin, ya goge yatsuna, ta ƙi. Ga lalle ya yi baƙi ƙirin, ga shekara goma sha biyar ta wanke-wanke da sabulu mai ƙarfi ta cinye zanen yatsun. Layi ya taru a bayana, gumi ya fara keto mini. Sai ya kira wata jami'a, ta kama hannuna ta juya, ta yi dariya, ta nuna mini nata tafin, shi ma ja wur da lalle. Ta shafa mini wani mai, ta danna yatsun da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya har na'urar ta haƙura.

A waje na ga mai shayi, na zaro takarda ɗaya daga ambulan ɗin Mama Kamla na miƙa masa da isa. Mutumin ya ja da baya kamar na miƙa masa kunama. Ina cikin ɗaga murya sai ga Maryam matar Nura, tare da wani dogon mutum mai tabarau, Malam Bashir, Bakano da ya yi karatun haɗa magunguna a can ya zauna yana tafinta a asibiti. Shi ya ce, "Hajiya, mayar da ita jaka. Shekaranjiya gwamnati ta kashe waɗannan manyan takardun, wai don maganin masu ɓoye dukiya. Sai an kai banki." Ya biya mini shayin da 'yan sulalla.

Masaukinmu wani gida ne mai hawa huɗu kusa da asibiti, duk majinyata ne da masu jinya: 'yan Afganistan, 'yan Iraƙi, wani iyali daga Habasha, da mu. Kowane hawa da kicin ɗaya, saboda haka kafin mako na san ƙamshin girkin ƙasa biyar. Garin kuwa hayaƙi ya rufe shi har an rufe makarantu, kowa da ƙyalle a hanci. Mai gidan wani gajere ne mai fara'a, ko me ka tambaye shi sai ya langaɓar da kai dama da hagu. Kwana biyu ina fushi da shi, na ɗauka hana ni bokiti yake yi, ashe "to" yake cewa. Ranar da na so yi wa Nura farfesu na same shi a gaban mutane na ce ina ake sayar da naman shanu. Fara'ar ta ɗauke. Ya waiga, ya ja ni gefe, ya roƙe ni da hannu biyu a haɗe kada in sake faɗin haka a titi, maganar ta yi zafi a ƙasar kwanakin nan. Da yamma kuma shi da kansa ya kwatanta wa Maryam unguwar Musulmi inda ake samun naman ɓauna. Naman ya yi tauri, amma ya yi romo. Abincinsu na kullum kuwa wata gurasa ce marar kauri da romon wake, ba laifi, sai dai in ka ci ka tashi kamar ba ka ci ba. Na yi kewar tuwo har na yi mafarkinsa.

Layin banki na bi yini guda. Ban taɓa ganin haƙuri irin na mutanen nan ba. A gabana wata mata ce da gwangwanin shinkafa a rungume, kuɗin da ta shekara da shekaru tana ɓoye wa mijinta ne, yanzu dole ta fito da su, ga mijin a gefe yana harararta. Ba mu jin yaren juna, amma na gane komai, don Goggo ma a cikin tukunyar daddawa take ajiye nata. Wasu masu rawani da gemu suna bin layi suna raba shayi kyauta, ba su tambayi addinin kowa ba. Da na kai gaba aka canja mini kaɗan, aka ce iyakar abin da doka ta yarda ke nan, aka ɗiga mini tawada a yatsa kamar na yi zaɓe. Wasu a layin suna zagin gwamnati, wasu suna cewa a daure gyara ne. Ni dai baƙuwa ce, na ja bakina.

Na bar maganar Nura a baya don ba ta da daɗin faɗa. Rabona da shi tun bikinsa. Na tarar da mutum ya yi baƙi ya bushe, ƙafafu sun kumbura, idanu kawai suka rage. Duk da haka da na buɗe baki sai ya fashe da dariya, wai Hausata ta 'yan zango ce, ina ce wa Maryam "ya zo" kamar namiji. Na ce, "Yi dariyarka, ƙodar 'yar zango za a sa maka, mu ga yadda za ka yi magana." Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, Allah ya biya ki." Ban bar shi ya ƙara ba.

Ni na ɗauka da gwaje-gwaje sun yi kyau sai wuƙa. Malam Bashir ya ce a'a, akwai kwamiti. A ƙasar an sha yaudarar talakawa ana sayen ƙodarsu, shi ya sa gwamnati ta tsaurara doka: duk baƙon da zai ba wani ƙoda sai ya zauna gaban wasu dattawa da ba ruwansu da asibitin, ya tabbatar musu ɗan'uwa ne na jini ba ciniki aka yi ba, ana ɗaukar komai a bidiyo. Ya baje takardunmu a kan gado ya dube su ya dube ni.

"Hajiya, ki kalle su da idon wanda bai san ku ba. Majinyaci daga Najeriya, ɗan Garba. Mai bayarwa daga Gana, 'yar Salisu, kuma aikinta jinya. Ke me za ki ce?"

Na ce ni ba abin da zan ce, ai kowa ya san riƙo. Ya ce kowa a Kano.

Muka je ofishin jakadancin Najeriya suka ba da shaidar nasu ɗan, muka je na Gana suka ba da shaidar tasu 'yar, duk gaskiya suka rubuta, kuma gaskiyar ba ta haɗa mu ba. Hoto ɗaya muke da shi tare, na bikin, ni ina can gefe rabin fuskata a bayan wani ɗankwali. Gwajin jini ya nuna akwai dangantaka, amma kwamiti ya ce tunda mahaifiya na da rai, a kira ta ta waya mai hoto su ji daga bakinta. Na yi ajiyar zuciya na ce abu ya zo da sauƙi. Wautata ke nan, ni da na fi kowa sanin Inna.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma tata ta fi ta kowa. "'Yar Kumasi" take ce mini, in kuma ina kusa, "ke". In na je hutu ba ta zama inda nake, ba ta tambayata ko na ci, sai dai in ga kwano a ƙofar ɗaki. Na girma a haka, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba, ko kuma na ce wa kaina ban ɗauka ba.

Ranar zama, mutum biyar ne a bayan dogon tebur, huɗu maza, ɗaya dattijuwa mai furfura da ake ce wa Madam Mira, tsohuwar malamar jami'a. Ga kyamara a kan ƙafafunta tana kallona. Suka yi mini tambayoyi, ko an ba ni kuɗi, ko an tilasta ni, na amsa. Sannan aka kira Kano. Da hoton ya buɗe gabana ya faɗi. Mutanen gidanmu sun ji za a yi magana da gwamnatin Indiya, sai suka mai da abin biki. Tsakar gida cike: Kawu da babbar riga, limamin unguwa, surukai, maƙwabta har kan katanga. Inna a tsakiya kan kujera da kayan sallarta, ta sunkuyar da kai.

Shugaban kwamiti ya nuna ni ya yi tambaya, Malam Bashir ya juya da Hausa: "Inna, wai wace ce wannan?"

Ta ɗan saci kallo ta kawar da kai. "'Yar Kumasi ce."

"Wai ke kika haife ta?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "'Yar Goggonta ce."

Na ji matan da ke bayanta suna 'yar dariya ta yabo, irin ta an ga mai kunya. Kawu ya matso yana ta bayani da ƙarfi, amma ba shi aka tambaya ba. Malam Bashir an rantsar da shi zai faɗi abin da aka ce ba ƙari, haka ya faɗa, murya a sanyaye. Ya nemi ya yi sharhi, shugaban ya ɗaga masa hannu. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, aka ce an ɗage, sai an kawo jinin mahaifiya daga Kano ta hanyar hukuma an gwada. Malam Bashir ya ce hakan kan ci makonni. A makon nan kuwa wurin da ake sa wa Nura bututun wanki ya fara ruwa, zazzaɓi na kama shi, likitansa ya ce ba ya son a daɗe.

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Na zagi dokar, na zagi kwamitin, na zagi ƙasar da shanunta. Da na koma masauki na kira Inna. Ta ɗauka ta ce, "Ke ce? Ya jikin yaron?" kamar ba abin da ya faru. Sai na ji bakina ya ce, "Inna, Nura zai mutu saboda kunyarki." Na kashe wayar. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa ɗaga mata murya ba. Na zauna a bakin gado ina kuka, kuma ko a lokacin na san ba Nura kaɗai nake yi wa ba. An tambaye ta a gaban duniya ko ni tata ce, ta ba da ni ga wata karo na biyu.

Kwana biyu bayan haka Malam Bashir ya zo da sauri ya ce Madam Mira na son ganinmu a ofis. Ashe ita ta tare shi ta tambaye shi me ya sa tsohuwar ta rufe baki, me ya sa matan suka yi dariya, don ita ba ta ga alamar ƙarya a fuskar ba. Ya yi mata bayanin ɗan fari da riƙo. Da muka shiga ta ba ni kujera, ta ce mahaifiyarta ta yi shekara hamsin da mahaifinta ba ta taɓa furta sunansa ba. Ko da ma'aikatan gwamnati suka zo ƙauyensu yin katin shaida suka tambaye ta sunan miji, jikarta ta kira ta faɗa musu.

"Dokar ba zan iya taɓa ta ba," in ji ta, "kuma ba na so, na ga abin da ake yi wa talakawa in babu ita. Amma doka ba ta ce ga yadda za a yi tambaya ba. Mu muka yi ta ba daidai ba."

Ta shawo kan sauran aka sake sa rana. Ta ce a Kano a kai Inna ɗaki ita kaɗai, a jingina wayar a rufe ƙofa. Maryam ta yi yini tana faɗa da Kawu a waya kafin ya yarda. A namu ɓangaren mazan kwamiti suka koma gefe inda Inna ba za ta gan su ba, Malam Bashir ya zauna bayan wayar, ni ma aka ce in matsa. Fuskar Madam Mira kawai Inna ke gani, tsohuwa da tsohuwa.

Ba ta tambaye ta wace ce ni ba. Ta ce, "Ba ni labarin haihuwarki ta fari."

Inna ta daɗe tana murza bakin zaninta. Sannan ta fara, a hankali, tana kallon ƙasa. Da damina ce, ta ce, a gidan iyayenta, ruwa ya hana a kira ungozoma sai kakarta ce ta karɓa. Mace ce, da wani baƙin tabo a bayan kafaɗar hagu kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ta da kuka, sai cin tuwo tun kafin haƙori. Madam Mira ta ce, to ina yarinyar? Inna ta ce yayar mijinta ta nema, ba a hanawa.

"Ranar da za su tafi ban fita rakiya ba, ba a yi. Daka na shiga yi, don kada a ji ni. Na daka gero na daka har ya zama gari, ban san na yi ba."

Ta ce duk shekara in direbobin goro za su Kumasi takan ba su kuka da kuɓewa busasshiya da 'yar riga, ta ce su ce daga baban yarinyar ne. Na tuna ƙullin nan. Na tuna rigunan, kullum sun ɗan yi mini yawa. Har Baba ya rasu shi nake yi wa godiya.

Malam Bashir ya juya wa kwamiti maganar. Madam Mira ta jira ya gama, sannan ta ce, a tausashe, "Mene ne sunanta?"

Na ji ƙarar fanka, na ji wani zakara yana cara a Kano. Inna ta ɗago kai ta kalli wayar sosai, karo na farko.

"Rakiya. Sunanta Rakiya. Ni na haife ta." Ta share ido da bakin mayafi. "A yi wa yaron aiki. Ita ma a kula mini da ita, ba ta faɗa in abu na mata ciwo."

Wata nas ta kai ni bayan labule ta duba kafaɗata, ta fito ta langaɓar da kai dama da hagu. Wannan karon na san ma'anarsa. Kafin la'asar an sa hannu.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, barci na yi. Na farka da ciwo kamar an taka ni da mota, Maryam a kaina tana cewa ƙodar ta kama aiki tun a ɗakin tiyata. Mai gidanmu ya zo dubiya da 'ya'yan itace, matan Afganistan na hawanmu suka karɓe girki har na miƙe. Nura ya yi wata biyu kafin a sallame shi, kumburin ya saɓe, haskensa ya dawo. Yanzu yana Kano ya koma shagonsa, yana kirana yana ce mini wai tun da aka sa masa ƙodar yake sha'awar wake da shinkafa irin na zango.

Kafin in taso na koma wurin Madam Mira na yi mata godiya, na kai mata turmin atamfa da na taho da shi, ta ƙi karɓa, ta ce aikinta ya hana. Sai na roƙe ta abu ɗaya, a ba ni kwafin bidiyon nan. Ta riƙe hannuna ta ce ba ta da iko, na hukuma ne, ana adana shi ba a fitarwa. Ban ji haushi ba. Dokar da na zaga ita ta tsare Inna a ɗaki ta yi mata tambayar da ni ban isa in yi ba, ba zan dawo in ce ta yi tsauri ba.

Na sauka JFK cikin ƙanƙara, Alhaji Isufu na jirana, katina na zama bai canja ba. Matakalar Highbridge da nake hawa a guje sai da na huta sau uku. Mama Kamla da na ba ta labarin kuɗinta ta yi dariya har ta ƙware, ta ce in ajiye sauran in riƙa tunawa da ita. Na gode mata, na gode wa Malam Bashir, da jami'ar nan mai lalle, da masu rawanin da suka ba ni shayi ban san sunansu ba. Ko Hajiya Fati na yafe mata lallen.

Na kira Inna na roƙi gafarar abin da na faɗa mata. Ta ce, "Me kika faɗa? Ni ban ji ba." Sannan ta ce, "'Yar Kumasi, ana sanyi a can?" Mun koma yadda muke, kuma na san haka za mu tafi har ƙarshe. Ba ya damuna yanzu.

Masu tambaya me na baro a Indiya, ƙodar suke nufi, amma ita ai tana Kano tana aiki. Abin da na baro yana cikin wata durowa a wani ofishin gwamnati a Delhi, da lamba a jikinsa. Wani lokaci ina cikin jirgi mai lamba shida, tsakanin tasha da tasha, sai in rufe ido in kunna shi. Inna ta ɗago kai, ta ce Rakiya.